Gargaɗi ga Jama'ar Mafara, Bakura da Maradun: Ku Kulle Layukan Wayarku Tun Yau

Wannan gargaɗi ne ga duk mai layin waya da asusun banki a Talata Mafara, Bakura da Maradun, daga cikin gari har Jangebe, Morai, Rini, Yarkofoji, Faru da Janbako. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa iyayenmu da ba su yi boko ba, domin su aka fi cuta.

Ɓarawon waya na yanzu sim ɗin da ke ciki ya fi so. Wayar, in ya kai ta kasuwa, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba, amma sim ɗin nan shi ne mabuɗin rumbunka. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, manomin shinkafa na Bakolori da mai sayar da dabbobi da mai shago duk sun koma karɓar kuɗi ta banki, ko OPay, Moniepoint da PalmPay. Kowane asusu kuma a ɗaure yake da lambar waya. Kuɗin sun koma cikin waya, tsaron bai bi su ba.

Ga yadda ake yi. Mutum ya zare maka waya a cunkoson kasuwar Talata ko a tasha. Ko da ka kulle fuskar wayar, ba ruwansa. Zai cire sim ya sa a ƙaramar waya mai tocila, ya danna *565*0#, lambar BVN ɗinka ta fito masa. Ya danna *346#, ya nemi NIN. Daga nan sai ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya, *894# na First Bank, *901# na Access, *919# na UBA, *966# na Zenith, har ya gano inda kake ajiya. Duk lambar tabbatarwa da banki zai aiko, wadda ake kira OTP, hannunsa za ta faɗa. Lambar sirri kuwa, da yawanmu 1234 muka sa ko shekarar haihuwa, kuma su ne abin da yake fara gwadawa. In asusun ba kuɗi ma bai yi asara ba, sai ya gwada cin bashi da sunanka a manhajojin ba da rance. Kai kana gida kana jimamin waya, bayan 'yan makonni masu bin bashi su fara kiran 'yan'uwanka.

Maganin wannan yana cikin wayarka, kuma kyauta ne. Kowane sim ana iya sa masa lambar sirri tasa ta kansa, daban da ta fuskar waya. Shiga saiti, je sashen tsaro, nemi wurin kulle sim, ka kunna shi, ka canza lambar da kamfani ya sa zuwa wadda kai kaɗai ka sani. Daga ranar, duk wanda ya cire sim ɗin ya sa a wata waya, ko ya kashe taka ya kunna, ba kira ba saƙo sai ya shigar da lambar. Ƙananan wayoyi ma suna da wannan. Sai dai a yi hattara: in ka shigar da lambar da ba daidai ba sau 3, sim ɗin zai rufe ya nemi PUK, lambobi 8 da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. In aka yi kuskuren PUK sau 10, sim ɗin ya mutu ke nan. Saboda haka kada ka yi ta canki-canka. Nemo katin nan tukuna, in ya ɓace ka tambayi kamfanin layinka kafin ka fara. Masu manyan wayoyi su ƙara da hana saƙo bayyana a fuskar waya alhali tana kulle, in ba haka ba ana karanta OTP ba tare da an buɗe ta ba.

Sai maganar wurin caji. Rashin wuta ya sa kusan kowa yana kai wayarsa shago ya bar ta awanni. Yawancin masu cajin nan mutanen kirki ne masu neman halak, amma shago mai wayoyi birjik, yara na shiga suna fita, ba mai iya sa ido a kan kowace. Cire sim ɗin bankinka kafin ka miƙa waya. Haka ma wurin mai gyara.

Akwai wata alama da mu nan muka fi kowa saurin yin sakaci da ita. Tun da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a farkon Satumban 2021, muka yi makonni sai an yi tafiya kafin a kira ɗan'uwa, ɗaukewar sabis ta daina ba mu mamaki. In ya ɗauke sai mu ce zai dawo. To, ka duba wayar maƙwabcinka mai layi irin naka. In tasa tana da sabis taka babu, kuma ka kashe ka kunna bai dawo ba, akwai yiwuwar wani ya yi walkam-bak na layinka, wato ya karɓi sabon sim da lambarka. Kada ka kwana a kan wannan. Da wayar da aka sace da layin da ya mutu haka kawai, matakin ɗaya ne: fara rufe asusun banki, sannan layi. Bankuna suna da lambar rufe asusu da ake dannawa daga wayar kowa, misali *901*911# a Access da *966*911# a Zenith. Tambayi taka a bankinka, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, ba a cikin wayar ba. Bayan haka ka tafi ofishin kamfanin layi da NIN ɗinka.

Wanda kuma ya yar da tsohon layi ya sayi sabo, ya sani cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan sake sayar da shi. In ba ka je banki ka canza lamba ba, saƙon kuɗinka yana zuwa wa wani baƙo.

Wani ɓarawon ba ya ma buƙatar taɓa wayarka. Kira zai yi da lafazi mai daɗi, wani lokaci da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunanka, ya ce daga banki ne za a rufe asusunka, ko sunanka ya fito a tallafin gwamnati ko rabon taki, ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Babu bankin da ke tambayar OTP, ko lambar sirri, ko lambobin jikin katin ATM ta waya. Kashe kiran kawai, ba sai ka yi masa bayani ba. Irin wannan dabara ake yi wa WhatsApp: a ce an sa ka a taron ƙungiya, ka turo lambobi 6 da aka aiko maka. Kana turawa an ƙwace shafinka, an fara roƙon kuɗi da sunanka. A yankin da saƙon neman gudunmawar kuɗin fansa ya zama abin da ake gani da gaske, wa zai tsaya bincike in ya ga saƙo daga yayansa cewa an ɗauke wani? Tausayinmu suke ci. Duk saƙon neman kuɗi, kira mutumin ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Sannan ka shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sayar da NIN. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasa masu bi suna sayen bayanan NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusu da su. Wasu kuma cewa suke a ara musu NIN su yi rajistar layi, ko a ara musu asusu za a turo musu kuɗi. A wani wuri wannan damfara ce kawai. A nan, layin da aka yi wa rajista da sunanka yana iya ƙarewa a daji ana cinikin fansa da shi, asusunka kuma ya zama hanyar da kuɗin suka bi. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, sunanka da hotonka za su gani, ƙofar gidanka za su ƙwanƙwasa. "Wallahi aro na ba shi" ba ta fitar da mutum cikin sauƙi. Ko ɗan ɗakinku ne ya roƙa, ka ba shi haƙuri, ya je ya yi tasa rajistar.

A wurin mai POS, danna lambarka da hannunka, ka kare da ɗaya hannun. Iyayenmu, ku daina faɗin lambar da baki a gaban layi, ku daina rubuta ta a bayan kati. 'Yan kasuwa kuma kada ku saki kaya don an nuna muku rasit a waya ko don saƙo ya shigo. Ana ƙirƙirar duka biyun. Ku duba asusunku ku ga kuɗin sun zauna.

In an riga an cuce ka, kunya ba ta dawo da kuɗi. Je bankinka nan take ka shigar da ƙorafi a rubuce, domin da sauri ne ake iya tare kuɗi kafin a kwashe su daga asusun da suka faɗa. Kai rahoto ofishin 'yan sanda. Matsalar layi da kamfani ya ƙi warwarewa, kira 622, lambar hukumar NCC ce kuma kyauta ce.

Muna roƙon limamai su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, masu unguwanni da shugabannin kasuwa da na tasha su sanar da mutanensu. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da sauran matasa masu ilimin waya, kowa ya zauna da mahaifinsa da mahaifiyarsa yau ya nuna musu yadda ake kulle sim, ya kau da kai su shigar da lambar da kansu. A yi wannan kafin Talata mai zuwa.