Tazarar Haihuwa da Uwar da Ƙwaya ta Kama

A garuruwa irin su Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, shaye-shayen matan aure abu ne da akan rufe a ɗaka. To amma binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin.

Idan mai juna biyu ta sha kodin, hantarta takan mayar da wani kaso nasa zuwa mofin. Shi kuwa yakan ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, har jikinsa ya saba da shi. Da an yanke cibiya, abin ya yanke. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sai jinjiri ya kama kuka mai tsini, da karkarwa, da zawo, da ƙin kama nono. A gida sau da yawa iska ake zargi.

Wani tarkon kuma shi ne, irin waɗannan ƙwayoyi sukan rikita al'adar mace, ta ɗauka ba za ta sami ciki ba, sai kwatsam ta yi kwanika. Idan kuma ta daina sha farat ɗaya saboda tsoro, tana iya yin ɓari ko haihuwar bakwaini. Dainawa aikin likita ne, sannu a hankali.

Saboda haka jami'ar kula da walwalar yara da ta shiga irin wannan gida tilas ta taɓo zancen tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinkirin wata 24 bayan haihuwa, wanda ya zo daidai da shekara biyun shayarwa da Musulunci ya ambata. Ƙwayar kullum ba ta cika dacewa da mai mantuwa ba. Allurar wata uku ko ashanar fata mai shekara 3 zuwa 5 sun fi sauƙi.

Sai dai zaɓin na uwa ne. A Amurka, a 1997, an kafa wata ƙungiya mai biyan 'yan ƙwaya kuɗi don su tsayar da haihuwa, ta sha suka ƙwarai, kuma ta cancanci sukar. Matar da ta ji ana mata barazana da raba ta da 'ya'yanta ba ta sake faɗin gaskiya. Jami'a mai basira takan zaɓi lokacin da uwar take cikin hayyacinta, ba a gaban kishiya ko suruka ba, ta fara da tambayar lafiyar goyo, sa'an nan ta nemi jin ko uwar na son a sako maigida cikin maganar.