Wa Ke Duba Aikin Mai Ba Da Shawara?

Tsakanin tsakiyar 2022 da farkon 2023 Najeriya ta samu dokoki biyu da suka shafi lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta farko ta kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu sana'ar ba da shawara rajista. Ta biyu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Masu neman shiga sana'ar suna ta ƙaruwa, a jami'o'i da wajen ƙungiyoyin agaji. Amma takardar shaida ba ta koya wa mutum zama da babba mai ɗauke da damuwa. Abin da ke koyar da hakan shi ne aiki a gaban ƙwararre mai dubawa, kuma nan ne muke da ƙaranci.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ɗalibi zai zauna da mutum na gaske, da yardarsa, ya rubuta abin da ya gudana ko ya naɗi muryar zaman. Duk mako sai ya kai wa wanda ya riga shi a aikin, su bi zaman daki-daki: me ya sa ka katse ta a nan, me ka ji da ya ambaci mahaifinsa, me ya hana ka tambayar barcinsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka sai mutum ya cika sa'o'i 3,000 na irin wannan aiki kafin a ba shi lasisin masanin halayyar ɗan'adam. A Birtaniya, babbar ƙungiyar masu ba da shawara tana bukatar mambobinta da ta tantance su zauna da mai duba aikinsu aƙalla sa'a ɗaya da rabi a wata, ko da sun shekara ashirin suna aikin.

Namu horon daga makaranta ya taso. A 1959 wasu malamai mata na cocin Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato mutane su yi wa ɗalibansu bayanin sana'o'i, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi masu ba da shawara a makarantu. Shi ya sa har yau yawancin sassan da ke koyar da fannin suna ƙarƙashin tsangayar ilimi, kuma idan lokacin gwajin aiki ya yi, sakandare ake tura ɗalibi: zaɓen darussa, fargabar jarrabawa, yaron da ke gudun aji. Aiki ne mai amfani, sai dai ba shi ne ke jiran wanda ya kammala ba.

Abin da ke jiransa ya fi haka nauyi. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba sama da mutum miliyan biyu da gidajensu. A Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai waɗanda aka karɓo daga daji bayan biyan kuɗin fansa, suka dawo ba sa iya barci. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200. Da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, kowa ya ga inda iyalai ke kai ɗansu in sun rasa wanda zai taimake su.

Babba ba ya shigowa ofis ya ce yana da ciwon damuwa. Mace za ta ce kanta ke ciwo, gabanta na yawan faɗuwa, ta je kemis, an yi mata ruƙiyya, abin bai tafi ba. Sau da yawa sai da izinin miji ta fito, ƙila ma uwar mijin na zaune a gefe. Ga ɗalibi ɗan shekara ashirin da huɗu, bai yi aure ba, a gabansa dattijo sa'an mahaifinsa, yana kiransa Baba, kuma aikin na bukatar ya tambaye shi abin da ke tsakaninsa da iyalinsa. Kunya za ta riƙe masa harshe. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya koma nasiha: a yi haƙuri, a bar wa Allah. Maganar gaskiya ce, amma mutumin ya ji ta wajen limami da maƙwabta kafin ya zo, kuma ba ita ta kawo shi ba. Ɗalibin ba zai lura ya kauce ba sai wani ya saurari zaman ya nuna masa daidai inda ya gudu daga tambayar. Haka batun kashe kai. Dokar hukunta laifuka ta Arewa ta daɗe tana ɗaukar yunƙurinsa a matsayin laifi, addini ya haramta shi, don haka mai tunanin ba zai furta ba sai an tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa. Wannan ƙarfin hali ba a samunsa daga littafi.

Dalilan ƙarancin dubawar a fili suke. Malami ɗaya na riƙe da ɗalibai masu yawa a makarantu daban-daban, ya leƙa sau ɗaya ko biyu, ya sa hannu a littafin aiki. Wuraren da ake ganin manya ƙalilan ne: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, sai asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, kuma su ma suna da nasu likitoci da ma'aikatan jinya da suke horarwa. Manyan ƙwararrun da ya kamata su zama iyayen gidan sababbi suna ta ficewa ƙasashen waje. Sannan babu mai biyan kuɗin sa'ar dubawa. Wanda ya ba da ita daga lokacin hutunsa ya yanko. Akwai kuma harshe. An yi karatu da Turanci, zaman kuwa da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ake yinsa, mai dubawar da bai ji harshen ba sai abin da ɗalibi ya fassara masa.

Arewa maso Gabas ta nuna wata hanyar. Ƙungiyoyin agaji sun shigo da tsare-tsaren Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ake ba wanda ba shi da digiri gajeren horo, ya yi zama biyar da mai damuwa, ƙwararre na bibiyarsa. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna da mutane a kan benci a harabar asibiti, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi ƙwarai. A ganina abin da ya sa hakan ya yi aiki shi ne bibiyar da ba ta yankewa. Matsalar ita ce kuɗin waje ke ɗauke da ita. Da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025 ayyuka da dama sun tsaya, kuma duk inda aka rage kasafi, albashin mai dubawa na cikin abin da ake fara taɓawa. Sai a bar mutum da takardar horon mako guda, ya buɗe ofis ko shafin TikTok.

Ɓarnar na faɗa wa ɓangare biyu. Matar da sirrinta ya fita daga bakin sabon ma'aikaci ba za ta dawo ba, kuma a unguwar da kowa ya san kowa, ƙawayenta ma ba za su zo ba. Shi kansa ma'aikacin da ke sauraren labarin kisa da fyaɗe kullum, ba shi da wanda zai sauke wa nauyin, ko dai ya bar aikin ko zuciyarsa ta bushe.

Majalisar da dokar 2022 ta kafa za ta iya ƙayyade sa'o'in da ɗalibi zai cika, kuma ya kamata ta yi. Amma in ta kwafo adadin Amurka alhali babu masu dubawa, abin da za a samu shi ne sa hannun da ba a yi aikinsa ba, ɗan talaka kuma ya kasa jure shekarar aikin da ba a biyansa. Gara ta fara da yi wa masu dubawar rajista jiha-jiha, a san harshen da kowa ke ji, a sa kuɗin sa'arsu cikin kasafin sashe, a amince da zaman rukuni na mutum biyar ko shida, da dubawa ta waya ga wanda ke aiki a Monguno ko Anka.