Tausa da amon kwano: abin da yake yi da abin da ba ya yi

A gidajen tausa na Faransa da Amurka an ƙara wata dabara: bayan an matsa jiki, sai a ɗora kwanon tagulla irin na ƙasar Nepal a gadon bayan mutum, a buga, girgizar ta ratsa tsoka. Wasu kuma gado suke da shi mai lasifika a ciki, hikimar da Olav Skille, ɗan ƙasar Norway, ya bunƙasa a shekarun 1980. Amon mai kauri ne, tsakanin hertz 30 da 120, wanda jiki ke ji fiye da kunne.

A Madarunfa, haɗa sauti da jinya ba baƙon abu ba ne. Ƙasar Maraɗi ta daɗe da sanin goge da garaya wurin girkar bori. Sai dai can iskoki ake kira, nan kuwa tsoka ake nufi.

Amfanin da masu dabarar suka fi ambata shi ne sassauta jiki, kwantar da hankali da samun barci. Ba ta kashe zazzaɓin cizon sauro, ba ta ɗora karaya, ba ta maye gurbin maganin hawan jini.

Saboda haka wanzami ko mai tausa da ke son ƙara ta cikin sana'arsa, kada ya ɗora kwano kan sabuwar karaya, ko cikin mai juna biyu, ko ƙirjin wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya. Wanda ƙafarsa guda ta kumbura farat ɗaya tana zafi, asibitin gunduma za a kai shi, domin wataƙila jini ne ya daskare a jijiya.