Wane Littafin Ƙa'idojin Wayarin Ya Dace da Birnin Gwari?

A garin Birnin Gwari da ƙauyukan da ke kewaye da dajin Kamuku, amfani da lantarki ya wuce wutar da kamfani ke kawowa. Akwai janareta a shaguna, akwai farantan sola a kan makarantu da masallatai. Mai haɗa waɗannan wayoyi sau da yawa saurayi ne da ya koyi aiki a hannun maigidansa, kuma Kaduna, inda manyan injiniyoyi suke, tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Don haka littafin da ke hannun malami da ɗalibi shi ne alƙalin farko, kuma kuskure wajen zaɓensa yana iya jawo gobara ko asarar rai.

Manyan littattafan ƙa'idojin da ake samu a ƙasarmu iri biyu ne. Na farko na Ingila ne, wanda aka fara bugawa a 1882, ya kuma sami lambar BS 7671 a 1992. Bugunsa na 18 ya fito a 2018. Na biyu na Amurka ne, wato NEC, wanda ya samo asali a 1897, ake kuma sabunta shi duk bayan shekara uku. Dukkansu ingantattu ne, amma kowanne an rubuta shi don tsarin ƙasarsa. Soket ɗin gidajen Amurka yana ba da bolt 120, namu kuwa kimanin 230 ne, irin na Ingila. Haka nan Amurkawa suna auna kaurin waya da lambobin AWG, mu kuwa da milimita.

Babban haɗarin yana wajen launi. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake gani a gidajenmu, jar waya ce mai wuta, baƙa kuwa ita ce hanyar komawa. A Amurka baƙar waya ce ke ɗauke da wuta, fara ce ta komawa. Su ma Ingilishi sun sauya daga 2004, suka koma ruwan ƙasa don mai wuta da shuɗi don ta komawa. Ɗalibin da ya haddace littafi guda, ya tarar da aikin da aka yi da wani, yana iya damƙar ajalinsa da hannu. Shi ya sa ba a dogara da launi sai an gwada da mita.

To, me ya kamata mai saye ya duba? Da farko, ya tabbata littafin na tsarin Ingila ne, domin shi ya yi daidai da wutarmu da kayan kasuwanninmu. Na biyu, ya duba shekarar bugu. Tsohon littafi yana da amfani wajen fahimtar tsohon gida, amma ba zai yi cikakken bayanin sola ba, alhali sabon BS 7671 ya keɓe mata sashe na 712. Na uku, ya san cewa littafin waje ba doka ba ce a Nijeriya. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da lantarki da haɗa shi a 2015, hukumar NEMSA kuma ita ce ke duba aiki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Inda aka sami saɓani, dokar gida ake bi.

Abu na huɗu shi ne zafi. Jadawalin littafin Ingila ya ɗauka cewa iskar da ke kewaye da waya digiri 30 ce. A ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu kuwa, zafi yakan zarce haka sosai. A digiri 40, wayar da aka lulluɓe da robar PVC ana ninka ƙarfinta da 0.87. Wato wadda jadawali ya ce tana ɗaukar amfiya 27, ba za ta wuce 23 da rabi ba. Wanda ya tsallake wannan lissafi, robar za ta yi ta laushi a cikin silin ba tare da kowa ya gani ba. Littafin da ba shi da wannan jadawalin gyara bai cancanci kuɗinka ba.

Ga malamai, wannan lissafi darasi ne da za a iya yi da ma'aunin zafi guda. A auna zafin aji da na cikin silin da azahar, ɗalibai su nemo da kansu kaurin wayar da ya dace da ginin makarantarsu.