Mai Juna Biyu da Abin Hawa: Babur, A Daidaita Sahu da Mota

Kusan kowace ranar awo sai an yi mana wannan tambaya: "Sista, hawa babur yana zubar da ciki?" Amsar ita ce, girgizar hanya ita kaɗai ba ta ɓarar da lafiyayyen ciki, domin jaririnki yana kwance ne cikin ruwan da ke kare shi. Abin tsoro shi ne faɗuwa, ko karo, ko bugun ciki.

Me bugu yake yi wa ciki?

A watanni ukun farko mahaifa tana ɓoye cikin ƙashin ƙugu. Bayan mako 12 sai ta fara tasowa, a mako 20 ta kai cibiya, daga nan babu ƙashin da ya tare ta. Idan ciki ya bugu, mabiyiya tana iya ɓantarewa daga jikin mahaifa. To ta mabiyiya jariri yake samun abinci da iska. Wani lokaci jinin yakan taru a ciki bai fito ba, uwa tana ganin lafiya lau, alhali jariri yana galabaita.

Babur

A shekarar 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana acaɓa a cikin birni, amma gidaje da yawa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni babur ɗin maigida shi ne abin hawansu. Shawararmu, idan ciki ya fito, a haƙura da shi. Idan kuma ya zama dole:

1. Ki tattare hijabinki da zanenki ki riƙe. Bakin hijabi yana shiga taya ko sarƙa ya fizgo mace ƙasa.
2. Zama a karkace, ƙafafu a gefe guda, ya fi saurin kayar da mutum in an taka birki.
3. Ki sa hular kwano, maigida ma ya sa.
4. Kada ki hau da goyo a baya, ko da kaya a cinya.
5. Maigida, a tafi sannu, musamman da damina. A bar kutsawa tsakanin manyan motoci a Titin Zariya.

A Daidaita Sahu

Ya fi babur, amma ba shi da ƙofa, ba shi da bel. Ki zauna a baya, ki riƙe ƙarfe, kada ki yarda a matse ki da fasinja huɗu. In direba yana gudu, ki ce masa ya rage. In ya ƙi, ki sauka. Wannan ba abin jin kunya ba ne.

Mota

Mata da yawa suna ƙin ɗaura bel wai kada ya danne jariri. Wannan kuskure ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kuma tsirar uwa ita ce tsirar ɗa. Ga yadda ake ɗaurawa: na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki, ya kwanta a kan ƙashin ƙugu. Na kafaɗa ya ratsa tsakanin nonuwa ya sauka ta gefen ciki. Kada ko ɗaya ya hau kan ciki. A kujerar baya ma a ɗaura.

Idan ke kike tuƙi, ki ja kujera baya har ya zama akwai tazarar santimita 25 tsakanin ƙirjinki da sitiyari. Ranar da kike jin jiri ko barci, ki ba wani. A doguwar tafiya, a tsaya duk bayan awa 2 ki taka, ki sha ruwa, saboda dogon zama yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Idan tsautsayi ya faru

Ko ba ki ji ciwo ba, ki zo asibiti a ranar, ki taho da katin awonki. Za mu saurari bugun zuciyar jariri, mu sa miki ido na wasu awoyi. Kada a murza cikin, kada a gasa da ruwan zafi, kada ki sayi magani a kemis. A garzayo nan take in an ga:

1. Jini ko ruwa yana zuba.
2. Ciwon ciki, ko ciki ya yi tauri kamar dutse.
3. Jariri ya rage motsi.
4. Jiri ko suma.

Idan an taɓa gaya miki jininki "negetif" ne, ki faɗa wa ma'aikata, domin akwai allurar da ake so a yi cikin awa 72.

Ga maigida da dangi

Naƙuda ba ta sallama. Tun ciki yana wata 8 a san motar da za ta kawo ta, ko tsakar dare ne, a ajiye lambar direba da kuɗin mai. Kada a ɗauko mai naƙuda a babur. Ranar sallama kuma, mai jego da jariri su zauna a kujerar baya.

Allah ya raba lafiya, amin.