Yadda kwamfuta ke ƙara girman motsin hannu don taimaka wa masu shanyewar ɓarin jiki

A Magarya da Dungas, kamar sauran wurare, wanda ya kamu da shanyewar ɓarin jiki yakan daina amfani da hannun da ya raunana. In ya gwada ya kasa, sai ya koma ga mai lafiyar, raunin kuma ya daɗa kama jiki.

Masana na neman maganin wannan ta hanyar duniyar kwaikwayo ta kwamfuta, inda mutum ke kallon hoton hannu yana bin motsin nasa. Ƙwaƙwalwa na gwada motsin da ta yi umurni da shi da wanda ido ya gani. In sun dace, sai mutum ya ji cewa shi ne ke da iko da hannun.

Ana iya ƙara girman motsin ba tare da an gane ba. Binciken Frank Steinicke na Jamus a 2010 ya nuna cewa masu sanye da tabaran kwamfuta ba su lura in aka ƙara nisan tafiyarsu da kashi 26 cikin 100. Amma in ƙarin ya yi yawa, ko hoton ya makara, jin ikon yakan ragu.

A 2015, masu bincike a Basalona ta ƙasar Sifen sun gwada dabarar kan majinyata 20. Da suka ga hannun mai rauni yana kaiwa ga abin da suka nufa, sai suka riƙa zaɓarsa fiye da da, har bayan an cire ƙarin.