Tsohuwar Jaguar a farashi mai sauƙi: abin da ke jiran sabon mai ita

A shafukan sayar da motoci na Birtaniya ana cin karo da Jaguar XJ6 mai shekara 40 zuwa 50, da kujerun fata da katako a gaban direba, a kuɗin da bai kai na ƙaramar sabuwar mota ba. Ga matashin da ya tara ɗan abin hannu a Landan ko Birmingham, tayin yana da jan rai. Sai dai a harkar irin waɗannan motoci kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta. Abin da ke raba mai riba da mai asara yana ƙarƙashin motar, inda hoto ba ya nunawa.

Motar da ta yi zamani

An fito da XJ6 a watan Satumban 1968 daga masana'antar Browns Lane da ke Coventry. Ita ce salun ta ƙarshe da aka tsara ƙarƙashin idon Sir William Lyons, wanda ya kafa kamfanin. An sabunta ta a 1973, aka sake sabuntawa a 1979 da taimakon kamfanin Pininfarina na Italiya. Injinta mai silinda 6, da ake kira XK, ya fara aiki tun 1948, kuma irinsa ne ya kai Jaguar ga lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa har sau 5 a shekarun 1950.

Akwai wasu a wannan sahu. Rover P5B, wadda aka ƙera daga 1967 zuwa 1973, ta ɗauki firaministocin Birtaniya tun daga Harold Wilson har zuwa Margaret Thatcher. Morris Minor kuwa motar talakawa ce: daga 1948 zuwa 1971 an ƙera fiye da miliyan ɗaya da dubu 600. Amma XJ6 ta fi ruɗar sabbin shiga, domin kamar sarauniya take a ido, farashinta kuma na baiwa.

Dokar shekara 40

Wani abin da ke ƙara wa waɗannan motoci kasuwa shi ne sassaucin doka. Motar da ta haura shekara 40 tana iya shiga rukunin motocin tarihi a hukumar DVLA, ta daina biyan harajin hanya, ko da yake dole ne mai ita ya riƙa sabunta rajistar harajin duk shekara ba tare da biyan ko sisi ba. Tun daga ranar 20 ga Mayun 2018 kuma an ɗauke wa mafi yawansu binciken shekara-shekara na MOT, wato irin bizit teknik ɗinmu, muddin ba a yi musu babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. A Landan, inda motoci masu hayaƙi ke biyan fam 12.50 a kowace rana a yankin ULEZ, sama da jika 9 na sefa ke nan, motar da ke rukunin tarihi ba ta biya.

A nan ne tarkon yake. Dokar ta ɗauke binciken, amma ta bar alhakin a wuyan mai mota. Wanda aka kama yana tuƙa mota mai haɗari ga jama'a yana iya fuskantar tarar da ta kai fam 2,500 da maki 3 a lasisinsa. Ga mai saye kuma, hakan na nufin motar da ke gabansa mai yiwuwa ta yi shekaru babu wani masani da ya leƙa ƙarƙashinta. Doka ba ta hana kai motar MOT don raɗin kai ba, saboda haka mai hankali ya nemi a yi binciken kafin ya biya. Idan mai sayarwa ya ƙi, wannan ma amsa ce.

A Faransa, inda ƴan Nijar da dama ke zaune, tsarin ya bambanta: mota mai shekara 30 tana iya samun kart giriz ta motocin tarihi, kuma ana yi mata bizit teknik duk bayan shekara 5.

Tsatsa ce babbar abokiyar gaba

Wanda ya tashi a Damagaram ko Tawa ya saba ganin fijo 504 ta tsufa tukuf, inji ya gaji amma ƙarfen jikinta garau, saboda bushewar iska. A Birtaniya akasin haka ake gani. Ruwan sama ba ya yankewa, kuma a lokacin hunturu ana watsa gishiri a kan tituna don hana ƙanƙara daskarewa. Gishiri da laima su ne ke cin ƙarfe daga ciki.

XJ6 ba ta da shasi na dabam. Jikin motar shi ne ƙashin bayanta. Idan tsatsa ta ci dogayen ƙarafan da ke ƙasan ƙofofi, ko daɓen da ke ƙarƙashin ƙafa, ko wuraren da ƙafafun baya ke ɗaure da jiki, to ƙarfin motar ne ya tafi. Sauran wuraren dubawa su ne kewayen fitilun gaba, bakin tayoyin baya, ƙasan but, da kusurwoyin gilashin gaba, inda ruwa ke kwanciya ya zubo ciki.

Sabon fenti mai sheƙi abin tuhuma ne. Masu saye na zuwa da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle: inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne da fotin gyaran jiki. A ɗaga kafet a taɓa, a shiga ƙarƙashi da tocila. Dalilin wannan wahala shi ne lissafi. Inji ana iya sauke shi a gyara a kuɗin da aka sani tun farko. Walda da fenti kuwa ana biyansu ne da awa, kuma sai an yanka ake ganin zurfin ɓarnar. Sau da yawa kuɗin gyaran jikin XJ6 yakan wuce abin da motar za ta yi a kasuwa bayan an gama.

Inji, birki da wayoyi

Injin XK yana da ƙarko idan ya samu kulawa. Gangar jikinsa ƙarfe ce, kansa kuma alminiyom, don haka ruwa zalla a lagireto yana lalata shi. Sai da ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa. A nemi a tayar da motar tana sanyi, a saurari ƙarar sarƙar inji, a duba ko baƙin mai ya gauraya da ruwa ya yi fari. Man giyar otomatik ya kamata ya kasance ja, marar warin ƙuna. A cikin gari, mai injin lita 4.2 ba ta cika shan ƙasa da lita 15 a kilomita 100 ba.

Birkin baya na XJ6 yana can tsakiya, manne da akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya. Babban gyara a wurin yakan buƙaci a sauke ƙafar baya gaba ɗaya, shi ya sa wasu masu motar ke ɗaga ƙafa ga aikin shekara da shekaru. Wayoyin lantarki na Lucas sun yi suna wajen ba da ciwon kai, amma galibi matsalar tsatsa ce a mahaɗai, kuma gogewa da haƙuri na magance ta.

Man fetur ma ya sauya. Tun Satumban 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cin tsofaffin robobin hanyar mai. Tsohuwar roba da ta tsage kusa da inji mai zafi gobara ce. Ana shawartar masu tsofaffin motoci su sha E5 su kuma sauya robobin.

Watan farko

Aikin sabon mai mota na farko shi ne abin da ke tsare rai: birki, tayoyi, robobin mai da na ruwa. Taya tana iya kasancewa da zane mai kyau alhali ta bushe. Lambobi 4 da ke gefenta na nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma wadda ta kai shekara 10 ta gama aiki. Man birki na tsotsar laima, a sauya shi duk shekara 2. Rediyo da goge kujeru za su iya jira.

A tabbatar lambar jikin motar ta yi daidai da ta takardar V5C, kuma sunan da adireshin na mai sayarwa ne. Inshorar motocin tarihi tana da rangwame, amma kamfanoni da yawa na ƙayyade tafiyar shekara, suna kuma neman a samu wata motar ta zuwa aiki da wurin ajiya. Sabon zuwa ya tuna lasisin Nijar yana aiki ne watanni 12 kacal bayan ya zama mazauni. Shiga ƙungiya irin Jaguar Enthusiasts' Club ko Morris Minor Owners Club na haɗa mutum da waɗanda suka san makaniki na gari da inda kayan gyara suke.

Idan niyyar a kawo ta gida ce

Wasu na mafarkin ganin motar a titunan Yamai ko a ayarin ɗaurin aure a Maraɗi. Motar da aka yi wa kasuwar Birtaniya sitiyarinta na dama, alhali Nijar na tuƙi a hannun dama, haka ma Najeriya tun 1972. Wuce babbar mota a hanyar Doso zuwa Ƙonni da irin wannan sitiyari kasada ce. Waɗanda aka sayar a Faransa ko Amurka sitiyarinsu na hagu. A fara tambayar duwan ƙa'idar shigo da tsohuwar mota kafin a biya kuɗin jirgi. A nan gida tsatsa za ta lafa, amma zafin Afrilu zai gwada lagireton da aka yi don sanyin Ingila, ƙura za ta cika matatar iska, cikin motar kuma yana kusa da ƙasa. Yawancin notinanta ma na awon inci ne, sifanar da makanikanmu ke ɗaure Toyota da ita ba za ta zauna daidai ba.

Wanda jarinsa kaɗan ne ya fara da Morris Minor: injinta mai sauƙin fahimta ne, kayanta na samuwa, kuma ita ma tsatsar ce abin dubawa. Wanda ya nace sai Jaguar, ya sayi mafi lafiyar jiki da aljihunsa zai iya, ya kuma ware kuɗin gyaran shekarar farko tun kafin a yi ciniki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.